Baba ya ce in tsallake farkon sura ta biyar

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ƙaramin fasto ne a wata ikilisiya a Tawa, shekarata ta uku ke nan a bakin aiki. Ba mu da yawa, manya ba su wuce 60 ba ran Lahadi. Tun bayan Kirsimeti nake bi da jama'a cikin Wasiƙar Yakubu, sura bayan sura, yanzu mun gama ta huɗu. Makon jiya babban dattijonmu ya kira ni gidansa, ya ce in bar farkon sura ta biyar, in fara daga aya ta 7 inda ake maganar haƙuri. Bai faɗi dalili ba, amma na sani. Yana da garaken albasa, kuma akwai ƴan ƙwadagon da suka yi masa aiki bara har yau ba a cika musu kuɗinsu ba. Biyu ƴan ikilisiyarmu ne, sauran Musulmi ne, maganar kuwa ba wanda bai san ta ba. Shi ya biya mini kuɗin makarantar Littafi Mai Tsarki, shi ya saya mini babur, rabin jika 50 ɗin da ake ba ni a wata daga aljihunsa yake fitowa. Kawun matata ne kuma, shi ya ba ni aurenta. Matata ta ce in rufa mana asiri in yi yadda ya ce. Matasa sun ji labari, suna cewa in na tsallake to an saye ni. Na rubuta wa'azi mai zafi na ajiye. Ba na iya barci. Me zan yi?

Ɗanka cikin Ubangiji, daga Tawa.

Ɗana, na karanta takardarka sau biyu. Kafin komai, wa'azin nan mai zafi da ka ajiye, bar shi a inda yake. Abin da aka rubuta da tsakar dare, zuciya na tafasa, fuskar mutum ɗaya na yi maka gizo, habaici ne da aka liƙa wa lambar aya. Za mu dawo kansa.

Tsallakewa kam ba za ka yi ba, kuma ba don bakin matasa ba. Buɗe Littafinka ka duba yadda aya ta 7 ta fara. Da “saboda haka” ta fara. Mutum ba ya cewa “saboda haka” sai ya riga ya faɗi wani abu. Abin da Yakubu ya riga ya faɗa shi ne aya ta 4: hakkin waɗanda suka girbe gonakinku, wanda kuka danne, yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Daga nan ne ya juyo wurin waɗanda aka cuta ya ce su yi haƙuri har zuwan Ubangiji, kamar manomi mai jiran ruwan shuka da ruwan ƙarshen damina. Haƙurin nan na mutanen da aka riga aka gaya musu Allah ya ji kukansu ne. To ka dubi abin da Baba, wato dattijon naku, ke nema gare ka. Ka tsaya gaban mutum biyu da aka riƙe wa guminsu shekara guda, ka ce su yi haƙuri, ka ɓoye musu ayar da ta ce an ji su a sama. In ka yi haka, ka ɗauki maganar ta'aziyya ka mai da ita takunkumi a bakin talaka. Su biyun nan ma tumakinka ne, ko da yake a takardarka layi ɗaya kawai suka samu, Baba ya samu biyar.

Ka kuma tuna lambobin nan da muke tsallake da su ba Yakubu ya sa su ba. Rabon surori a ƙarni na 13 aka yi shi, aikin da ake danganta wa Stephen Langton na Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya shigar da su. Ikilisiyoyin farko wasiƙa suka karɓa, aka tashi aka karanta musu ita daga gaisuwa har ƙarshe, mai zoben zinariya yana zaune, mai tsumma yana zaune. Ba Baba ne ya fara jin nauyin wannan wasiƙa ba. Martin Luta da kansa, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, a gabatarwar Sabon Alkawarin da ya fassara a 1522, ya kira ta wasiƙar tattaka in an gwada ta da na Bulus. Duk da haka ya fassara ta, bai cire ta ba. Wanda ya yi yanka a Littafi shi ne sarki Yehoyakim, a Irmiya 36: ana karanta masa, yana yanke shafi uku ko huɗu da wuƙa yana jefawa a kaskon wuta. Allah ya sa aka sake rubutawa, har da ƙari.

Na ji daɗi da ka zaɓi bin littafi sura bayan sura, ka riƙe wannan hanya. Amfaninta yau ne zai fito. Da a ce kowace Lahadi kana tsintar aya daga inda ka ga dama, ran da ka tsinto Yakubu 5:4 kowa zai ce da Baba kake. Yanzu kuwa ko yaro ya san bayan huɗu sai biyar. Tun Kirsimeti ayar take tafe, ba kai ka aike ta ba. An kori Jan Kalbin, babban mai wa'azi na zamanin gyaran ikilisiya, daga birnin Janiba a 1538, da aka roƙe shi ya koma a 1541 mutane sun cika majami'a suna jiran ya zazzage wa waɗanda suka kore shi. Ya buɗe Littafi daidai inda ya tsaya shekara uku baya, ya ci gaba. Wannan kariya ce ga mai wa'azi daga tsoronsa da kuma fushinsa. Ran da ka tsallake aya shida don mutum ɗaya, ka zubar da ita. Daga ranar duk abin da ka faɗa, jama'a za su riƙa tambayar kansu wa ya ba ka izini, duk abin da ka bari kuma su ce wa ya hana ka.

Yanzu sai mu zo wurin da na fi jin tsoro dominka, don ina jin ƙamshin wa'azin nan naka tun daga nan Yamai.

Ina ƙaramin fasto, a wani ƙauye can gabas, akwai wani ɗan kasuwa a ikilisiyarmu da aka ce tiyarsa biyu, ta saye daban, ta sayarwa daban. Na ji daga bakin mutum uku, na gaskata. Ban taka ƙofar gidansa ba. Na ɗauko Amos sura 8, inda ake maganar masu rage mudu, na yi wa'azin da har yau ina iya tuna jimlolinsa don daɗin da suka yi mini a baki. Ban kama suna ba, amma ko ina bukata? Kawuna suka riƙa juyawa wajensa. Ya zauna har aka yi addu'ar ƙarshe, ya ba ni hannu a bakin ƙofa, ya ce sannu da aiki, Fasto. Bai sake shigowa ba, matarsa da ƴaƴansa shida ma haka. Matasa sun yaba mini sati guda. Maganar tiya gaskiya ce, na tabbatar daga baya. Amma tiyar ba ta canza ba, mutumin kawai na rasa. Na kunyata shi a gaban ƴaƴansa alhali ban taɓa ba shi damar ya ji maganar tsakanina da shi ba.

Saboda haka, ɗana, kafin ka hau bagadi, ka koma gidan Baba. Zuwa da kai ya fi aike. Ubangiji ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka je ka same shi ku biyu kaɗai, Matiyu 18:15. Bulus ya gaya wa Timoti, wanda shi ma yaro ne a tsakiyar manya kamarka, kada ya tsauta wa dattijo, ya roƙe shi kamar uba. Ka lura bai ce ya yi shiru ba. Roƙo magana ce, murya kawai aka sassauta. Kai kuma nauyi biyu ne a kanka, na uba da na suruki, kuma na san a Adar kunyar suruki ba wasa ba ce. Kada ka je da Littafi a hammata kamar mai kai sammaci. Ka je da yamma bayan ya ci abinci, lokacin da zaure ba kowa. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya ba ka ilimi ya ba ka mata.

Ka fara da tambaya, don akwai abin da ba ka sani ba. Ka ce “kowa ya san maganar”, amma kowa ba shaida ba ne. A cikin wannan sura ta 1 Timoti 5 aka ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Ka taɓa zama da ƴan ƙwadagon nan biyu ka ji nawa ne, yaushe aka yi alkawari, me aka ba su? Ka san lissafin Baba na bara? Albasa kasuwarta caca ce. Lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, kowa ya fito da tasa farashi ya faɗi. Mai hali ya zuba a rudu ya jira tsada, wani lokacin ya buɗe ya tarar rabi ta ruɓe. Ta Galmi da muke alfahari da ita yawancinta waje take tafiya, Gana da Kodebuwa da sauransu, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakoki masu kai kaya kudu sun sha wuya, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru. Mai yiwuwa wani dillali ne a Akara ya riƙe wa Baba kuɗi. Mai yiwuwa bashi ya yi masa katutu yana jin kunyar faɗa. Mai yiwuwa kuma kuɗin na nan, raina masu shi kawai ya yi. Ba ka sani ba sai ka tambaya.

Sai dai ko wanne ne, ba ya goge hakkin. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ba da dalili: matalauci ne, ransa na kan kuɗin. Mutumin da ke sa jika 25 kowane wata a albashin fasto ba zai ce bai iya rage bashin masu ban ruwa ba. Nan ne maganar ta zo kanka, kuma ka yi haƙuri da ni. In lissafin ya tabbata, wani ɓangare na tuwon gidanka gumin mutanen nan ne. Ni da a ce ni ne kai, zan ce masa: Baba, abin da kake ba ni, ka tsayar da shi wata huɗu ko biyar ka ba su, ni da ɗiyarka za mu lallaɓa. Ban san wata magana da za ta shiga kunnensa kamar wannan ba. Mai zuwa da yatsa ana iya korarsa. Wanda ya zo ya ajiye rabin albashinsa a gabanka, da wuya ka ce raini ya kawo shi.

Sannan ka gaya masa a fili, ba da hannunka mai sanda ba, cewa ayoyin nan za ka karanta su, ka kuma faɗa masa ranar. Ka yi masa alkawari ba za ka kama suna ba, ba za ka yi misali da albasa ko garka ba, ba za ka kalli inda yake zaune ba. Ka ce kana so ran nan ya zauna a kujerarsa da sakakkiyar zuciya, ya riga ya fara biya. In yana bukatar lokaci, ba laifi ka jinkirta Lahadi ɗaya ko biyu. Bikin tashin Almasihu yana kusa, ka yi wa'azin gicciye da tashi, bayan nan ku koma Yakubu. Jinkirin da aka yanka wa rana daban yake da tsallake. Amma rana ɗaya za ka yanka, kada ka bari a yi ta ɗaga ta har damina.

Akwai abin da ya kamata ka sa masa a gaba, a hankali. Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da 99 cikin 100 na mutanen ƙasar nan Musulmi ne. Maƙwabtanku ba sa zuwa jin wa'azinka, Baba suke karantawa. Kowane ɗan ƙwadago a cikinsu ya san hadisin da ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Tun da mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, suka sauka Damagaram a 1924, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, ɗan mutuncin da masu bi ke da shi a ƙasar Hausa ta Nijar da jinyar marasa lafiya da riƙon amana aka tara shi, kaɗan kaɗan. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da nan Yamai, muka ce mun yafe, mutane da yawa suka yi mamaki. Wanda ya ji mun yafe wuta, sannan ya ga dattijonmu ya riƙe masa jika goma, wanne zai ɗauka shi ne ainihinmu? Kada ka faɗa wa Baba wannan da sigar gori. Shi ma ya sha wuya saboda sunan nan, wataƙila fiye da kai. Tuna masa kawai za ka yi.

To, wa'azin kansa. Ka sake rubuta shi bayan ka dawo daga gidan Baba, da safe, bayan addu'a. Ka lura da wani abu a nassin: Yakubu mai yawan cewa “ƴan'uwana” ne, amma a ayoyi shidan nan bai faɗa ko sau ɗaya ba, sai a aya ta 7 ya koma gare ta. Shi ya sa masana da yawa suke ganin da masu gonakin da ba sa cikin ikilisiya yake, yana magana irin ta annabawan dā, masu bi suna saurare don su ƙarfafa, su kuma ji tsoron zama haka. In haka ne, ba ka da ikon ɗaukar hukuncin nan dungum ka kifa a kan ɗan'uwa mai bi kamar an riga an yanke masa. Gargaɗi ne, kuma na kowa ne. A cikin mutum 60 ɗin nan akwai mai ƴar aiki da ba ta ga kuɗin wata uku ba. Akwai wanda tela ke bi, akwai wanda ya hau kabu-kabu ya ce gobe. Akwai wanda ƙaninsa ke ci rani a Abijan yana aiko kuɗin gini, shi yana taɓawa. Ka bincika ko kai ma ba ka ciki, in kana ciki ka biya kafin Lahadi. Ita kanta ikilisiya, mai gadinta da mai shara ana biyansu kan lokaci?

Kada kuma ka sauko ka bar mutane a ƙarƙashin dutse. Mu masu bishara ne. Wanda ya tara dukiya da zalunci yana da Mai Ceto, kuma aya ta 11 ta wannan sura ta ce Ubangiji mai yawan tausayi ne, mai jinƙai. Ka kai su Luka 19. Zakka bai biya ninki huɗu don Yesu ya shigo gidansa ba. Yesu ne ya fara shiga, sannan hannun Zakka ya buɗe. Ka kiyaye wannan jeri, don a nan ne koyarwarmu take tsaye: ba a sayen gafara da biyan bashi, amma wanda aka gafarta wa ba ya iya kwana da hakkin wani. Wannan ne Yakubu ke nufi tun sura ta 2 da ya ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce.

Matasanka kuwa, ka kira shugabanninsu ka karanta musu aya ta 9: kada ku yi gunaguni da juna, ga Mai Shari'a a bakin ƙofa. Ba wa'azi suke jira ba, dambe suke so su kalla, kai ne kuma ɗan damben. In ka bi tafinsu, su ma sun saye ka, da arha ma fiye da Baba. Ka nuna musu yadda wasiƙar ta ƙare, aya ta 19 da 20, a kan wanda ya komo da ɗan'uwan da ya bauɗe. Mai son Baba ya komo ya yi masa addu'a, ya kama bakinsa a dandali da WhatsApp.

Matarka ba abokiyar gaba ba ce. Ita ce za ta shiga gidan kawunta ran suna da ran biki, ita za a yi wa kallon ɗiyar da mijinta ya ci mutuncin gida. Ka zaunar da ita kafin ka je, ka gaya mata duk abin da za ka faɗa, har maganar rabin albashi, don tukunyarta ce za ta ragu, ba ka da ikon yin kyauta da ita ba ta sani ba. Ka tambaye ta wa Baba ke jin maganarsa. Mata sun fi mu sanin wannan. In zuwanka na farko bai yi ba, da wannan mutumin za ka koma, ko da wani dattijo, kamar yadda Matiyu 18:16 ta ce. Babban faston yankinku ma ya ji daga bakinka tun yanzu, kada labari ya riske shi a karkace.

Ba zan ɓoye maka ba, yana yiwuwa ka yi duk wannan daidai, Baba ya yi fushi. Yana iya janye kuɗinsa, ya aiko a karɓi babur. In an zo karɓa, ka wanke shi, ka cika masa mai, ka kai da kanka, ka yi godiyar shekarun da ka hau. Lahadi ta zo ka gaishe shi kamar kullum. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma tsarin da kuke kai ya sa ka cikin wannan hali tun ran farko. Ko an shirya ko ba a shirya ba, ka roƙi majalisar dattawa duk mai taimakon fasto ya riƙa sawa a baiko, ma'aji ya rubuta, albashi ya fito daga asusun ikilisiya. Kai ma ka nemi abin yi na hannunka, ko koyarwa a lakkol, ko ƴar garka, ko kiwon awaki. Bulus da ya ce wa dattawan Afisa bai ji nauyin sanar da su dukan nufin Allah ba, a Ayyukan Manzanni 20, a wannan zaman ne ya nuna musu hannuwansa ya ce su suka ciyar da shi da abokan tafiyarsa. Sana'arsa ta saƙar tanti ta taimaki bakinsa.

Ka rubuto mini bayan Lahadin, ina so in ji yadda ta kaya, musamman labarin mutum biyun nan da sauran abokan aikinsu. In kuma taro ya kawo ka Yamai, ka biyo ta gida. Mamanku ta ce ka taho mata da albasar Galmi rabin buhu, amma ka tabbata wadda aka biya masu cirarta ce.